Ɗamarar da Muke Bari a Kogo

Akwai wani dutse yamma da ƙauyenmu, tsakanin Batsari da Safana, wanda in ka hango shi daga hanya ba za ka ce yana da ciki ba. Sai ka hau ta bayansa, inda yake kwance har bijimin sa yana iya takawa, ka wuce wata tsamiya da ta tsiro a tsaga, sannan ka ga bakin ramin. Faɗinsa bai fi ƙofar zaure ba. Zurfinsa gaba tara ne a awon igiya, kuma ba miƙe yake ba. A gaba na huɗu akwai wani leɓen dutse da ya turo, dole mai shiga ya tokare shi da ƙafa, ya tura kansa baya, ya saki nauyinsa gaba ɗaya a kan igiya, sannan ya wuce cikin babban kogon. Jemagu ke ciki tun kafin a haifi kakanmu. Kashinsu muke kwasowa mu kai gona.

Na san akwai masu dariya in sun ji haka. Su yi ta yi. Wanda ya taɓa zuba kashin jemage a gindin barkono ko a fadamar albasa ba ya dariya.

Gidanmu ne ke shiga wannan kogon. Kakanmu ya shiga, Baba ya shiga, da ƙarfin Baba ya ƙare Yaya ya karɓa. Yaya ya girme ni da shekara bakwai. Siriri ne, mara nauyi, kuma duhu ba ya damunsa. Ni ƙato ne, ga ciwon ƙirji, warin ramin kaɗai yana sa ni tari, saboda haka nawa aikin riƙon igiya ne a sama. Na ukunmu maƙwabcinmu ne, Bafulatani mai ruga a gindin dutsen. Shi ke kawo san da ke jan igiya. Ana gitta gungumen itacen kirya a bakin rami, igiya ta bi ta kansa, sa ya ja buhu ya fito, in an tashi aiki ya ja mutum. Ubansa ya ja wa ubanmu. Kwana goma muke yi, da bazara, kafin ruwan farko. In ruwa ya sauka dutsen santsi yake yi, an gama ke nan sai baɗi.

Muna da doka ɗaya da muka tarar: abin da ya shiga kogo ba ya shiga gida. Taki daga dutse sai gona. Mai shiga sai ya yi wanka ya sake riga kafin ya taka zaure. Igiya sabuwa ake tufkawa kowace shekara, tsohuwar a ƙone ta. Ita kuwa ɗamara, wadda mai shiga ke ɗaurawa a ƙugu da cinyoyi a rataye shi da ita, a can take zama shekara da shekaru. Akwai wani ɗan lungu daga cikin bakin ramin, in ka kwanta rub da ciki hannunka zai kai. An kafa turke a wurin, nan ake rataye ta. Baba bai taɓa faɗin dalili ba. Mutane suna cewa saboda aljanu ne. Inna ta ce wari ne kawai, kakarmu ce ta hana a shigo mata da shi ɗaki. Na fi yarda da Inna. Amma ko ni ban taɓa karya dokar ba.

To, kogon nan yana cin ƙarfe. Iskarsa tsami gare ta, tana yaji a ido, dutsen kuma kullum cikin gumi yake ko da rana tana ƙuna a waje. Fartanyar da muke bari a ƙasa damina biyu take yi ta koma kamar ganyen da tsutsa ta ci. Kowa a gidanmu ya san wannan. Shi ya sa ɗamarar Baba babu ƙarfe ko na allura a jikinta. Ƙiri ne, fatar sa da aka tufka, sai ƙulli, sai wani guntun itacen kanya da igiya ke kamawa. Ranar farko da ranar ƙarshe yakan shafe ta da man shanu. A gefe ɗaya akwai wata 'yar laya da ya gada wurin kakanmu.

Shekarar da Baba ya rasu ƙirin ya fara tsattsagewa, tsohon da ke tufka irinsa kuma ya riga Baba tafiya. A lokacin ina leburanci a Katsina wajen masu gini. Na yi aji biyu a sakandare kafin a cire ni, wanda a gidanmu ya isa a riƙa kirana ɗan boko, rabi yabo rabi zagi. A can na ga masu hawa turakun lantarki da wani faffaɗan bel mai ƙawanyar ƙarfe a gaba, fara tas tana ɗaukar ido. Na samu irinsa wurin 'yan gwangwan na kawo gida. Na tsaya a tsakar gida gaban kowa na ce wannan ƙarfen Turai ne, ba ya mutuwa. Ni na faɗa, da bakina. Ba na musun wannan.

Yaya ya gwada ya ce ta yi, sai dai ƙawanyar tana danna masa ciki. Ya kuma ce ko ƙarfen ina ne, kogo zai taɓa shi in an bar shi tsirara. Sai ya kai wa wani baduku a Safana. Badukun ya shafe ƙawanyar da man shanu, ya naɗe ta da jar fatar akuya, ya ciro layar Baba daga tsohon ƙirin ya sa a ciki, ya ɗinke su tare. Ɗinki mai kyau, ba ka ce iska za ta samu hanya ba. Ni ma na yaba. Mu mutane ne da muka saba in muna son abu ya daɗe mu yi masa rigar fata. Wuƙa tana da kube, littafi yana da gafaka. Ba wanda ya ga aibu a abin.

Bazara huɗu Yaya ya shiga ya fita da ita lafiya.

A ta biyar, saura kwana shida mu fara, na hau dutsen ni kaɗai don in duba gungumen ko gara ta taɓa shi. Da na gama na kwanta na zura hannu na jawo ɗamarar. Fatar da ke kan ƙawanyar ta kumbura kamar maruru. Ta kowane ramin ɗinki wani jan ruwa ya tsattsafo ya bushe. Na danna da babban yatsa, sai na ji abu yana ƙaras-ƙaras a ciki kamar ana murza ƙanzo. Na daɗe zaune a kan dutsen nan da ita a cinyata.

Da la'asar na samu Yaya a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na gaishe shi, na zauna daga gefe, na gaya masa abin da na gani.

"Fata ce ta sha mai," ya ce, bai ɗago ba.

"Yaya, mai ba ja ba ne."

"Fatar ai ja ce."

"To mu farke mu duba. In lafiya lau ne, ni zan kai a sake ɗinkewa."

Nan ya aje fartanyar. "Ka san mi ke ciki?"

"Na sani."

"To laya in an buɗe ta, ta tashi aiki. Wagga kakanmu bai buɗe ba, Baba bai buɗe ba, sai kai ɗan boko da ajinka biyu." Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba. "Asabar zan shiga in Allah ya yarda. Kai dai ka kawo igiya."

Daga leɓen nan zuwa ƙasa gaba biyar ne, kuma inda mutum zai faɗa ba taki ba ne, dutse ne. Wanda ya faɗo daga nan, in bai mutu ba, ya gama taka ƙafarsa. Yaya yana da iyali cike da gida masu jiran hannunsa. Ƙawanyar kuma ni na kawo ta.

Abin da ya faɗo mini a rai wani kofi ne. Kofin silba, irin farin nan da ake shan ruwa da shi a kowane gida. Wata shekara ya suɓuce wa Yaya a cikin kogon ya nutse a taki, ya neme shi ya rasa. Bayan damina uku ina watsa taki a gona sai ga shi ya faɗo daga buhu. Na wanke shi da toka, ya fito fari kamar ranar da aka sayo shi. Da yake ba shi da izinin shiga gida, na rataye shi a reshen wata kuka a gonar muna ɗibar ruwa da shi. Na ce a raina, fartanya damina biyu, kofi damina uku ko tabo babu. Ke nan akwai ƙarfen da ramin nan ba ya iya ci.

Ranar kasuwar Batsari na hau babur da kofin a aljihu. Na fara zuwa wurin wani tsohon maƙeri da ke yi wa Baba fartanya. Bayan mun gaisa ya yi wa Baba addu'a, na miƙa masa kofin na faɗi buƙatata. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Ɗana, ni baƙin ƙarfe na sani. Duk abin da na ƙera maka ramin nan naku zai cinye shi. Ubanka ya sani, shi ya sa bai taɓa tambayata ba."

"Tagulla fa, Baba?"

"Tagulla ba ta tsatsa, amma laushi gare ta. Munduwa za ka yi wa amarya, ko mutum za ka rataya?" Ya miƙo mini kofin. "Je ka bayan tasha wurin mai gyaran famfon burtsatse. Shi ke wasa da irin wannan."

Mai gyaran famfon sa'ana ne, gajere, hannunsa baƙi ƙirin da man inji. Ya saurare ni har na gama bai yi dariya ba, abin da ya sa na yarda da shi ke nan. Ya ɗauko wani baƙin maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar lasifika. Ya kai shi jikin wata farar sarƙa mai ƙyalli da ke rataye a rumfarsa, ya manne caraf. Ya kai jikin kofina, ya zame ya faɗi ƙasa.

"Ka gani? Waccan wanka aka yi mata. Baƙin ƙarfe ne aka shafa masa fari a sama, da zarar wankan ya goge shi ke nan. Irinta ka saya wa yayanka. Kofin kuwa har cikinsa haka yake."

Na ce ai mun ma rufe ta da fata don kada iska ta taɓa ta.

Ya tsaya ya dube ni. "Kun rufe ta da fata."

"Da man shanu a ciki."

"A rami mai gumi."

"E."

"Malam, ai jiƙa ta kuka yi kuka sa a tukunya kuka rufe. Fata tana shan raɓa ta riƙe. Da kun bar ta tsirara, ko ba komai da kun ga abin da ke faruwa tun shekarar farko."

Mutumin bai yi ƙarya ba.

Ya jawo wata farar sanda daga ƙarƙashin benci, kaurin yatsa, irin wadda ke sauka cikin rijiyar burtsatse tana jawo ruwa. Ya ce daga wani ƙauye wajen Tsaskiya ya ciro ta, inda ruwansu ke cinye bututu, ta yi shekaru a ciki. Ya kai maganaɗisu, bai kama ba. Na ce to ya lanƙwasa mini ita ya yi walda ta zama ƙawanya. Ya ƙi. Ya ce sandar waldarsa baƙin ƙarfe ce, daidai inda ya haɗa nan kogo zai fara ci, ni kuwa in riƙa ganin fari ina murna. Sai ya matse bakin sandar a jikin wani bututu, ni da shi muka yi ta naɗa ta da ƙarfin tsiya har zagaye uku, kamar maciji ya kwanta. Babu mahaɗi ko ɗaya. Gumi ya jiƙa mu sharkaf.

"Wannan ko sa ka rataya ba za ta warware ba," in ji shi. "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka sa mata riga."

Daga nan na sayi sabon bel irin wanda direbobin manyan motoci ke ɗaure kaya da shi, saƙaƙƙen roba, ruwan ɗorawa. Na kai wa mai ɗinkin tamfol ya ninka shi biyu, ya fitar da na ƙugu da na cinyoyi. Ya ɗauko zaren auduga na ce a'a, na tsaya a kansa sai da ya nemo na roba. Awon Yaya a kaina yake, shekara nawa ina ɗaura masa. Ban shiga da ita gida ba duk da ba ta taɓa shiga kogo ba. Na bar ta a gona, don ban son maganar ta tashi gaban mata.

Asabar da hantsi muka haɗu a kan dutse. Gabas ta fara haɗa ɗan hadari can nesa. Na kwance ƙunshina na shimfiɗa sabuwar ɗamarar kusa da tsohuwar.

Bafulatanin ne ya fara magana. "Kaɗo, masara za mu ɗaure yau ko mutum?"

Yaya bai taɓa ta ba. Ya dube ta daga tsaye. Na yi masa bayanin kofi, da maganaɗisu, da sandar famfo, duk abin da na jiyo. Ya bar ni na gama.

"Shekara biyar da suka wuce," ya ce, "ka tsaya tsakar gida ka ce ƙarfen Turai ba shi mutuwa. Yau ka ce ya mutu, ga wani wanda ba shi mutuwa. Baɗi mi za ka kawo mana?"

Wannan maganar har yau ban manta da ita ba.

Na ce to a gwada tsohuwar da buhu kafin mutum. Ya yarda, don dai ya kunyata ni. Muka cika buhu biyu da duwatsu da ƙasa, muka ɗaura su a tsohuwar ɗamarar, muka zura har wajen leɓe, sa ya jawo su. Suka fito lafiya lau.

"Buhu dai bai yi ƙorafi ba," in ji Bafulatanin.

Na ce buhu ba ya tokare dutse ya saki jiki, a hankali ya sauka a hankali ya hau. Yaya ya ce, "Ya isa haka." Ya kwance buhunan, ya ɗora ɗamarar a kan gungume, ya ɗauki buta ya nufi bayan tsamiya. Al'adarmu ce mai shiga ya yi raka'a biyu kafin ya ɗaura.

Akwai wuƙa a ƙuguna ta yankan igiya. Ban yi dogon tunani ba. Bafulatanin ya ga na zaro ta, sai ya juya ya kama kunnen sansa yana neman kaska.

Zaren ɗinkin bai yi gardama ba, ya riga ya ruɓe. Da na ɗaga fatar, jan gari ne ya zubo a kan dutse da ɓawo-ɓawo kamar an daka ɓawon gyaɗa. Ƙasan ƙawanyar ya kumbura ya yi sala-sala. Samanta kuwa, inda igiya ke ja, ya koma kamar karan ashana, kuma a karye yake. A bakin karayar akwai wani ɗan fari kamar ƙwayar gero, sabo, alamar nan ne kawai ya rage mata, buhunan suka ƙarasa shi. Fatar ce ta riƙe sauran tafiyar. Layar kuma tsatsa ta ci gidanta ta shiga. Takardar ta yi jawur, ta farfashe a hannuna, iska ta ɗebi wani ɓangare.

A haka Yaya ya dawo ya same ni.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tsuguna, ya cire hularsa, ya riƙa tsince gutsattsarin takardar ɗaya bayan ɗaya yana sawa a ciki. Har wanda iska ta kai gindin tsamiya sai da ya bi ya ɗauko. Na jira ya gama, sannan na miƙa masa ƙawanyar.

"Yaya, duba. A karye take."

Ya duba sosai. "A karye take," ya ce. "Kuma ta ɗauki buhu biyu ta dawo da su, da idonka ka gani. To mi ya riƙe su?"

"Fatar ce."

"Fatar akuya."

"E."

"Fatar akuya ta ɗauki buhu biyu na duwatsu." Ya gyaɗa kai a hankali. "Allah ya ƙara ilimi."

Na juya wurin Bafulatanin ko zai sa baki. Ya ce, "Ni sa na sani."

Babu wata ɗamarar kuma sai tawa, hadari yana gabas, gonaki suna jiran taki. Yaya ya ɗauki mai ruwan ɗorawar. Na matso in ɗaura masa kamar kullum, ya kauce, ya ba Bafulatanin baya. Shi ya ɗaura masa, shi ne kuma Yaya ya ba hular ya riƙe. Ya yi bisimilla ya zura ƙafa.

Na sha riƙe igiyar nan, amma ban taɓa jin nauyinta kamar ranar ba. In wannan ma ta ci amanata, to ni na kawo ta, ni kuma na yanka waccan. Ina saki ina ƙirga gaba a hannuna. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu igiyar ta yi sako-sako, ya taka leɓe ke nan. Sai fizgar nan ta zo. Gungumen ya yi ƙara, igiyar ta miƙe ta goge mini tafi. Ta tsaya da nauyinsa a kai. Can na ji muryarsa daga ƙasa, kamar daga cikin tulu.

"Saki."

Na saki.

Kwana goma muka yi, muka kwashi takinmu, ruwa ya sauka kwana biyu bayan mun gama. A kwanakin nan abin da ya haɗa ni da Yaya bai wuce "saki" da "ja" ba. Ranar ƙarshe ya kawo man shanu kamar yadda aka saba, ya tsaya da shi a hannu yana duban ɗamarar, babu inda zai shafa. Ya mayar da shi aljihu. Na rataye ta a turke, ƙawanyar a tsirara. Tsohuwar ƙawanyar kuma na aje ta a lungun kusa da ita, tun da doka ba ta yarda a sauko da ita gari ba.

Nan ne na cuci kaina. A gari labari ɗaya ne ya zagaya: ɗan boko ya yanka layar ubansa yayansa yana salla. Wannan kowa ya ji. Ƙawanyar kuwa mutum uku ne suka gan ta, kuma ba wanda zai hau dutse ya kwanta rub da ciki a bakin ramin jemage don ya wanke ni. Wata gwaggonmu ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata. Tun muna yara kwano ɗaya muke ci ni da Yaya a zaure. Daga wannan satin aka fara kai masa nasa ɗaki. Ba wanda ya ce an raba, kwanon ne kawai ya zama biyu.

In an tambaye shi yadda yake shiga ramin babu laya, yakan ce Allah ne ke tsare shi. Gaskiya ne, ban musa ba. Ko sau ɗaya dai bai taɓa ambaton sandar famfo ba.

Bazara uku muka ƙara yi da ita. Daga nan daji ya lalace da 'yan bindiga, hawa dutsen ya gagara. Bafulatanin ya ga zama ba zai yiwu masa ba, na daji ba su bar shi ba, na gari suna masa kallon banza, ya kwashi iyalinsa da shanunsa ya yi kudu. Shaidata ɗaya ke nan ya tafi, ko da yake shi ma sa ya sani. Muka yi shekaru muna hangen dutsen daga gona.

Bara da aka ɗan samu sauƙi muka koma, da san huɗar wani ɗan'uwanmu. Ni na kwanta na zura hannu. Bel ɗin ya dushe, ya yi baƙi da ƙura da kashin jemage. Ban yarda da shi ba, na riga na ɗinko sabo, don na daina cewa wani abu ba ya mutuwa. Ƙawanyar kuwa na goge ta da bakin rigata, ta fito fari kamar kofin nan. Na bi zagaye ukun da farce ina neman rami ko tsaga, ban samu ba. Na miƙa wa Yaya. Ya murza ta da babban yatsa, ya ɗaga ta ga rana, ya miƙo mini in zura a sabon bel. Na zura ta.

Na sake zura hannu a lungun ina laluben tsohuwar. Babu ita. Wani ɗan jan gari ne kawai ya biyo yatsuna. Kogon ya gama cinye ta, bai bar mini ko abin nunawa ba.

Yaya ya tsufa yanzu, gemunsa ya yi fari, yana cewa bana ce ta ƙarshe da zai shiga. Jiya ya wuce ta ƙofata zai tafi masallaci, da ƙafafunsa biyu, yana sauri kamar yadda ya saba. Na ce, "Yaya, barka da yamma." Ya ce, "Barka kadai." Bai tsaya ba.